Mangwaron da Shekari Ya Bari a Dogarawa

Duk wanda ya sha mangwaro mai aure tsakanin Samaru da Bomo a shekarun nan, da wuya babu hannun Shekari a ciki. Sana'arsa ke nan: ya yanko reshen iri mai kyau, ya tsaga ɗan dashe, ya haɗa su ya ɗaure da leda. A gidan Dokta Menon ya koya, wani tsohon malami Ba'indiye da ya yi wa aikin lambu shekara tara. Da tsohon zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa wuƙarsa da wasu baitoci na littafin addinin Hindu da yakan rera kowace safiya. Ma'anarsu, in ji tsohon, ka miƙa wa Allah aikinka, kada ka sa rai a kan abin da zai haifar.

Shekari ɗan coci ne, ba ya fashin Lahadi, amma baitocin nan sun kama shi. Ba ya taɓa wuƙa sai ya rera su, da wata murya irin ta injin markaɗe, wadda ko Ba'indiye ya ji ba zai gane yarensa ba. Fasto ya yi magana har ya gaji. In dashe ya mutu, Shekari ya ce na Allah ne. In ya kama, haka nan.

Sai shekarar 2006 ta gwada shi. Akwai mangwaro ɗaya da ya aura a gidan da suke haya a Dogarawa, ya yi shekara huɗu yana lallaɓa shi. Ya fara 'ya'ya ke nan, ko nuna ba su yi ba, mai gidan ya ce su tashi, ɗansa zai yi aure. Maƙwabta suka ce ya sare abinsa. Shekari ya yi dariya ya ce ai ba nasa ba ne.

Ranar tashi ya ba mangwaron ruwa, ya fara rerawa, muryar ta ƙi fita. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

"'Ya'yan guda nawa ne, Baban Felix?" in ji matarsa Keziya.

"Arba'in da uku," ya ce, kafin ya ankara.

"To. Mai aikin Allah ashe yana ƙirge."

Bai tsinki ko ganye ba, ya hau motar kaya har sabon gidansu a Unguwar Gabas. Suna sauke kaya Keziya ta buɗe kwanon miya, ta miƙo masa reshe uku na mangwaron naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma.

"Kai ka yi alkawarin bar wa Allah," ta ce. "Ni ban yi wa kowa ba."

Shekari ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya gyara murya, ya laluba aljihu ya ciro wuƙar.