Tankari da Dutsen Mutanen Romaniya

Ƙarfe bakwai na safe za ka same shi a unguwar Liwan, tef ɗin awo a wuya, yana bin akwatunan kaya ɗaya bayan ɗaya. Malam Souleymane Tankari ke nan, mutumin Dogonduci ta Nijar, tafinta kuma mai duba kaya kafin a loda. Shekara goma sha tara yana wannan aiki a Guangzhou, wata mai zuwa zai koma gida. Taurin kai kam akwai shi. Laoban, wato masu shago, nawa ne suka ce masa "meiyou", wato babu, ya ja kujera ya zauna har kayan suka fito?

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami, a gaban Alhaji Maidaji, ɗan kasuwar Kano, aka yi shi. Wasu Turawa biyu suka zo daga gari ɗaya a ƙasar Romaniya: Ilie ɗan ƙabilar Romaniya, Denes kuma ɗan ƙabilar Hungary. A dandalin garinsu kowace ƙabila da nata mutum-mutumin, kowa ya zo wuce na ɗan'uwansa sai ya kau da kai. Ambaliya ta ci musu mutum ashirin da uku, ba ta tambayi ƙabila ba. Shi ne gari ya turo su a sassaƙa dutse ɗaya da sunayen mamatan. Da yake suna jin Faransanci, Tankari ya zama bakinsu.

A wurin masassaƙi rigima ta tashi: sunayen wa za a sa a sama? Da abin ya ƙi, Ilie ya ce a raba dutsen biyu, kowa ya kafa nasa. Masassaƙi har ya kunna inji. Tankari ya sha gabansa.

"Ba a gabana ba," ya ce. Ya miƙa musu takarda. "Ku zana mini layin da ruwan ya bi."

Maidaji ya ja shi gefe ya ce ina ruwansa.

"Alhaji, mu can gida in an tahi gaisuwar mutuwa, gida-gida aka bi. Ba a tambayar iri."

Haka aka jera sunayen, daga bakin kogi, maƙwabci kusa da maƙwabci. Da aka zo gida na bakwai da na takwas, sai ga mahaifiyar Ilie, ga matar Denes, katanga ɗaya ce tsakaninsu.

"Kullum da yamma tare suke zama a ƙofar gida," in ji Denes.

Ilie ya karɓi biro, ya rubuta su biyun da hannunsa.

Malam Tankari, kai ne ka hana a raba matan nan bayan mutuwa, alhali ba ka taɓa taka garinsu ba, sunanka kuma ba ya jikin dutsen. Wallahi muna alfahari da kai. Mun gode, Allah Ya kai ka gida lafiya. Mu da muka rage a nan, duk ranar da aka kunna inji don a raba mutane, a samu wanda zai sha gabansa.