Wuƙata da Irin Doyar Baba

Shekara ashirin ke nan ina binciken cututtukan fumfuna masu kama amfanin gona, amma in an ce in ɗauki abu ɗaya da ba zai taɓa fita raina ba, to ɓarnar da na yi wa wani tsoho ce a wani ƙauye bayan Maikunkele.

Lokacin sabon shiga ne ni, kai cike da karatu, ga rawar kai kamar me. Aikina shi ne in bi rumbunan manoma in yanki ɗan ɓangaren doya, in kai ɗakin gwaji a Minna don gano fumfunar da ke ruɓar da ita. Dokar aikin guda ce, a goge wuƙa da sifirit mai kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane yanka. Ran nan na shiga rumbuna shida, na ƙarshensu duk ya ruɓe har yana wari, sai sifirit ɗina ya ƙare. Ga rana ta yi, ga sauran gida ɗaya. Na ce kai, ba zan sake dawowa saboda gida ɗaya ba. Na shafa wuƙar a wandona na wuce.

Mai gidan dattijo ne Bagwari, ya kai ni wajen irin doyarsa da alfahari. Wata doya ce da ya gada wurin mahaifinsa, ya ce duk yankin shi kaɗai ya rage da ita, kuma guda talatin ɗin nan su ne zai shuka bana. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina yanka. Da na gama sai ya kawo toka a kasko zai shafa wa wuraren da na yanka, kamar yadda suke yi don kada ta ruɓe.

"A'a Baba, bar shi haka," na ce, har da ɗaga hannu. "Toka za ta ɓata min gwaji."

Ya dube ni, ya dubi wuƙar, ya ajiye kaskon. "To, Malam."

Bayan kwana huɗu na duba farantan gwajina. Doyar Baba lafiya lau take, sai dai gefen da wuƙa ta taɓa, nan ne fumfunar rumbu na shida ta tsiro, koriya shar. Na sake dubawa, na goge madubin na'urar duba ƙwayoyin cuta, na sake dubawa. Na zauna, na tashi, na fita baranda na dawo. Wata abokiyar aikina ta ce, "Kai lafiya kuwa? Tun ɗazu kana kai da kawowa kamar kazar da za ta yi ƙwai." Zuciyata na ta kawo min dabara, wai ai ruɓa ta cika garin, wa zai san ni ne? Kwana biyu na yi ina wannan ja-in-ja da kaina, kuma har yau ina jin kunyar kwana biyun nan fiye da yankan kansa, domin da na tafi da wuri da an ceci wasu daga cikin doyar.

Da na isa, na tarar Baba ya baje doyoyin a inuwa. Duk wadda na danna sai yatsana ya nutse. Huɗu kawai suka tsira. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne. Wuƙata ce ta kawo cutar."

"Na sani," in ji shi. "Tun ranar na ga ba ka wanke ta ba."

"To me ya sa ba ka hana ni ba, Baba?"

Ya ce, "Na ce kai ka yi makaranta. Wataƙila ka san abin da ban sani ba."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Huɗun nan bai samu ya tayar da irin daga gare su ba, doyar ta ƙare a hannunsa.

Abin da na koya shi ne, karatuna yana iya rufe bakin wanda ya fi ni gaskiya. Shi ya sa yanzu ba na taɓa amfanin kowa sai na ce masa, in ka ga na yi ba daidai ba, don Allah ka riƙe hannuna.