Tambaya Mai Sauraren Ramuwa

Shekara ashirin Tambaya tana sayar da shinkafa da wake a rumfar bakin kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, gab da Kura. Hannunta na kan ludayi, kunnenta na kan masu ci. Takan ce zolaya kamar loda kwandon tumatir a mota ce: wani ya cilla, wani ya cafe. In kwando ya faɗi ƙasa, to akwai dalili.

Cikin masu zuwa kullum akwai Ibrahimu da Muhammadu Sani, taubasai ne, gonakin albasarsu kuma hanyar ruwa ɗaya suke sha, ta Ibrahimu ce a sama. Ba sa haɗiye loma ba su tsokani juna ba.

Wata Talata Ibrahimu ya ce, "Bawana, albasarka ce na gani ko tsintsiya ka shuka?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Muhammadu Sani ma ya dara, ya ci gaba da cin abincinsa. Bai rama ba.

Wannan ne Tambaya ta ji. Laraba ma haka. Ran Alhamis, da ya zo shi kaɗai, ta ce, "Sani, kwana biyu kana dariya ba ramuwa. Me ya yi maka?"

Ya jima yana juya cokali. "Sau biyu yana toshe min ruwa ranar da layi nawa ne, Inna. In na yi magana a ce wasan taubasai na kasa ɗauka. Sayar da gonar zan yi in huta."

Washegari da suka zauna, ta zuba wa Ibrahimu yaji har ya rufe waken, ta ajiye kofin ruwa gaban Muhammadu Sani kaɗai. Loma uku, Ibrahimu ya fara huci.

"Inna, ruwa!"

"An toshe daga sama," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Muhammadu Sani ya kece da dariya har da buga cinya. "Daure, ubangijina! Albasata ma kwana takwas ta yi haka, ba ta yi ihu ba."

Ibrahimu ya share hawayen da yaji ya sa shi. Sannan ya miƙa hannu.

"Ba ni kofin, ɗan nema. Gobe da jibi ruwan naka ne."

Tambaya ta juya ga tukunyarta. "Wa zan ƙara wa wake?"