Na Sa Hannu a Matsayin Ɗan'uwansa

A lokacin ni tela ne a gefen kasuwar Lazaret, ɗan Maraɗi da ya zo Yamai da keken ɗinki ɗaya, Allah ya buɗa masa har aka saka shi cikin komiten masallacin kartiye, wato unguwarmu. Ba zan ɓoye muku ba, ina da son a gan ni. Idan baƙo ya zo ni ne a gaba, ni ne mai shimfiɗa darduma. Akwai wani bawan Allah da ke kwana a rumfar masallacinmu, ba gida ba dangi. An ce direba ne daga wajen Tawa, hatsarin mota ya cinye masa iyali, tun daga nan kansa ya taɓu. Yana magana shi kaɗai, amma bai taɓa zagin kowa ba. Aikin da ya ɗora wa kansa shi ne cika butoci a famfo kafin kowace salla, ya jera su a layi.

Wata Alhamis muka yi babban baƙo, wani alhaji da ya yi alkawarin sake mana rufin masallaci. Da safe na wanke bayan gida da kaina, na zuba ruwan jabel, maganin wankin nan mai ƙona fata, a cikin wata buta, ita na samu kusa, garin rawar jiki kuma na manta da ita cikin sauran. Alhaji ya tsuguna zai yi alwalar azahar, ya ɗauki wannan butar, sai bawan Allah nan ya taso a guje yana ihu, ya fizge ta, alhaji ya faɗi zaune a cikin caɓi. Jama'a suka yi kan bawan Allah nan. Ni kuwa warin jabel ya riga ya bugi hancina, na gane abin da ya faru sarai. Wallahi na gane. Amma kunya ta rufe ni, na ɓoye gaskiya, har ma ni na fi kowa ɗaga murya cewa mahaukacin nan wata rana sai ya kashe mutum.

Aka kira 'yan sanda, muka kai shi asibitin masu taɓin hankali. Can suka ce ba sa ajiye mutum a kan dole sai wani nasa ya sa hannu ya shaida yana da haɗari. Kowa ya ja baya. Ni na karɓi biro, na rubuta cewa ni ɗan'uwansa ne. Yana ta kallona, suka shige da shi.

Kwana biyu butoci suka zama fanko, mutane suna ta cigiyar ruwa. Limaminmu, wani tsoho Badamagare mai sanyin magana, ba ya gari ranar. Da ya dawo ya ji labari, ya hau kabu-kabu ya je asibiti ya dubo bawan Allah nan. Bayan la'asar ya tsayar da mu, ya ce ya tarar kowane maras lafiya da mai jinyarsa, mai kawo masa abin marmari da wanke masa tufafi, namu kaɗai ke zaune ba kowa. Ya ce tunda a rumfarmu yake kwana, mu ne danginsa, don haka kowane gida ya ɗauki rana guda ya kai abinci. Mata suka karɓi aikin hannu biyu. Sannan ya ce ya nemi a sallamo shi, aka ce sai wanda ya sa hannu ya zo da kansa. Ya ga sunana a takardar, na tabbata, amma bai ko dube ni ba. Ya ce kawai mai hannun ya san kansa.

Ku ji irin taurin zuciyata. Wata biyu ina kauce-kauce, ina tsoron idan ya fito ya faɗi maganar jabel alhaji ya ji. Ranar da zagaye ya zo gidana, matata ta dafa shinkafa da wake, na ba maƙwabci ya kai, na ce aiki ya yi mini yawa. Sai da liman ya zo shagona, ya zauna a benci ya ƙi tashi har na kasa taka keke, sannan na tashi na bi shi.

Mun same shi a gindin wata bishiya, ya rame. Majo, wato ma'aikacin jinyar da ke kula da su, ya ce masa ga ɗan'uwansa ya zo ɗaukarsa. Ya ɗago ya dube ni tsawon lokaci.

"Ni ba ni da ɗan'uwa," in ji shi. "Da ina da shi, da ba a kawo ni nan ba."

Na sa hannu, muka fito da shi. Jama'a suka gyara masa wani ɗan ɗaki jikin masallaci, abinci bai yanke ba. Amma bai sake taɓa buta ba, ko kusa da famfo ba ya zuwa, maganar da yake yi shi kaɗai ma ya daina. Da damina zazzaɓi ya kama shi, kwana uku ya cika. Bai taɓa faɗa wa kowa maganar jabel ba, ni kuma ban nemi gafararsa ba sai a kan kabarinsa, inda ba amsa.

Yau ni ke cika butocin, ina shinshina kowace kafin in ajiye. Mutane suna sa mini albarka, ni kuwa albarkar tana ƙona ni. Abin da na koya shi ne wanda ba shi da kowa, sa hannun mutum ɗaya ya isa ya rufe shi, kuma ba mai tambayarsa nasa bayanin. Ban ce kada a kai maras lafiya asibiti ba. Amma don Allah, kafin ka kira mutum mai haɗari, ka tambaye shi dalilin abin da ya yi. Kuma kada ka rubuta cewa kai ɗan'uwan wani ne idan ba za ka iya kai masa ko kwanon abinci ba.