Tsohuwar Da Ba Ta Rusunawa

Kwana goma sha ɗaya ke nan ina ganinta a bakin tasharmu ta Sendai, ƙarfe bakwai da kwata. Tsohuwa ce 'yar firit, da hular saƙa, da tabon cizo biyu a hannu. Karenta yana maƙale da ƙafarta yana karkarwa. Wani mai sayar da jarida ya ce daga gidan karnukan da aka yasar ta ɗauko shi, kuma in aka sake kai ƙarar karen, ƙwace shi za a yi.

Na lura ba abin da ke firgita shi kamar mutum ya sunkuyo. Ina jin haka mai shi na da yake yi in zai duke shi. Shi ya sa ba ta rusuna wa kowa.

Yau wani mai kwat ya rusuna mata, karen ya zabura da haushi.

"Yi haƙuri, maigida, miƙe," ta ce, tana shiga tsakaninsu. "Gaisuwar yake tsoro."

"Iya, ashe a wurinki ya koyi rashin ladabi," ya ce, yana ciro waya zai kai ƙara.

Mutum tara suna kallo kawai. Raina ya ɓaci. Na je na tsaya gabanta ƙyam ban rusuna ba, na ce ina kwana. Karen ya dube ni daƙiƙa huɗu, bai yi haushi ba.