Ta Ce Mini Tashi

Yaya Rifkatu, daren jiya na yi wani mafarki da ya hana ni karyawa yau, ni da kika sani ba na wasa da kunun safe. Ki nemi wuri ki zauna ki karanta a tsanake. Ke kaɗai zan faɗa wa ba ki ce tsufa ne ya fara taɓa ni ba, kuma a shekarun da kika yi kina matar fasto kin ji mafarkan mata iri-iri. To ga nawa.

Kin dai san halin da ake ciki. Jibi Lahadi mutanenmu za su koma gida a yi sujada ta farko a cocinmu tun ranar da 'yan bindiga suka ƙone garin, daga nan masu ƙarfi su tsaya su fara sharar gona. An riga an nemi mota. Matan zumunta sun ce ba za su yi waƙa babu tulu ba, kuma cikinmu mu uku masu buga shi, ni kaɗai na rage. Na ce zan je. Tabita 'yata, wadda nake zaune a wurinta a nan birni, ta ce ba da yawunta ba, in ma ta ga dama za ta kulle ni a ɗaki ta tafi asibitin da take aiki da makullin a jakarta. Kwana huɗu ke nan muna gaisawa sama-sama a gida ɗaya. Da wannan a raina na kwanta.

Na gan ni a hanyar garinmu da rana tsaka, ina ɗauke da tulu a ka. Ba sabon da aka sayo mana a nan ba, tsohon nan baƙi mai tsaga a wuya, wanda na bari a coci ranar da muka gudu. Ina sanye da ankon zumunta, amma takalman ƙafata na Tabita ne, fararen nan da take zuwa aiki da su, sai matse ni suke yi. Hanyar ita ce babu shakka. Na gane itacen ɗorawa, na gane kwarin da mota ke maƙalewa da damina. Sai dai babu kukan tsuntsu ko ɗaya, kuma ba ni da inuwa. Na duba ƙasa har sau biyu, ban ga komai ba, na ci gaba da tafiyata.

Sai kawai ga ni a bakin rafi, ga 'yan bindigar nan zaune a kan duwatsun da muke wanki. Sun kai goma. Ban ga fuskar ko ɗaya ba, duk wanda na kalla sai idona ya zame ya sauka a kan rigarsa. Suna ɓarar gyaɗa suna watsawa a baki, kuma na san irin shukarmu ce da muka adana a rumbu. Abin nan ya ƙona mini rai fiye da bindigogin da ke jingine a gefensu.

Ɗaya ya ce, “Tsohuwa, ina za ki?”

Na ce, “Coci. Kana da saƙo ne?”

Kada ki ɗauka jarumtaka ce, Yaya. Bakina ne kawai ya ƙi jin tsoro, kin san shi. Mutumin ya ɗauki bindiga ya saita ni. Na kalli bakinta, sai na ga zanzaro ya yi gini a ciki, ya liƙe ramin da laka tsaf, har ga shi nan yana shiga yana fita da wata lakar. Na duba ta biyu, haka. Ta uku, haka. Mutumin yana ta jan kunamar bindiga, babu abin da ke fita. Dariya ta ƙwace mini, irin wadda ban yi ba tun bara. Na ce masa, “Ɗan wannan ƙwaron Ubangiji ya aiko muku? Ashe bai ma ɗauke ku da girma ba.” Na tattare zanena na shiga ruwa, ruwan bai jiƙa ni ba.

Sai kawai na tsinci kaina a cikin coci. Babu rufi, bango baƙi ƙirin, tagogi a wangale. Bencuna duk sun ƙone, masara ta tsiro layi-layi a tsakanin inda suke a dā, har ta fara bunni. Amma cocin a cike yake maƙil. Kowa na zaune a mazauninsa, a kan iska, daidai tsayin benci, mata a hagu maza a dama kamar kullum. Akwai waɗanda muke tare da su a nan birni, akwai waɗanda muka binne a rami ɗaya a bayan makaranta, duk a cakuɗe, kuma babu wanda abin ya ba mamaki.

Na hango Ishaya maigidana a layi na uku, da hularsa a kan gwiwa. Rigar da aka kashe shi da ita ce a jikinsa, amma a wanke take, an goge. Gyangyaɗi yake yi. Yaya, ko a mafarki ma mutumin nan barci yake yi a coci! Na kira shi, “Baban Tabita.” Bai ɗago ba. Na sake kira da ƙarfi, na kusa da shi ya juyo ya sa yatsa a baki. Na so in je in taɓa kafaɗarsa maimakon hararar da na saba aika masa in fasto ya kusa kallon wajensa, ƙafata ta ƙi zuwa ɓangaren maza. Na yi kewarsa a wurin har ƙirjina ya yi zafi.

A gaba, Mama Saratu ce tsaye. Kin tuna ta, uwar zumuntarmu da ta rasu a sansanin gudun hijira wata biyu bayan harin, ita ce ta koya mini tulu tun ina amarya. Tana riƙe da kacau-kacau. Ta nuna mini wurina da haɓa, yadda ta saba. Na zauna, na ɗora tulun a kan gammo tsakanin ƙafafuna, na ɗauki soson bugu na kai wa bakinsa. Shiru. Na ƙara. Ko ɗan gum bai yi ba. Mata duk sun buɗe baki suna jira in ba su ƙasan waƙa, ni kuwa ina ta dukan abu kamar mai dukan katifa.

Na leƙa ciki, ashe toka ce cike da shi. Na karkata shi ina zubarwa. Toka na ta zuba, ta fi ƙarfin abin da tulu zai ɗauka, ta rufe mini ƙafa, ta kai ƙauri. A ciki na ga murfin tukunyata, na ga ƙarfen keken Ishaya, na ga makullin rumbu. Nan raina ya ɓaci. Na ɗaga kai sama, tun da babu rufin da zai tare ni, na yi wa Ubangiji magana da babbar murya a gaban jama'a. Na ce, “Ina kake ranar nan? Mun kira ka har muryarmu ta dushe. Yanzu kuma ka kawo ni in buga maka toka? To ji nan, ba zan fasa ba. Ko ka amsa ko kada ka amsa, nan ne wurina, kuma sai na buga.” Babu wanda ya tsawata mini. Shi ma bai ce komai ba.

Na sake kai soson. A wannan karon sautin ya fito, amma ba daga tulun ba, daga ƙarƙashin ƙasa. Na ji shi a tafin ƙafata, na ji dutsen bayan coci ya amsa. Mata suka ɗauki waƙa. Ban san waƙar ba, ban taɓa jin ta ba, amma hannuna ya san inda za ta juya.

Sai kawai hadari ya haɗo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na duƙa a kan tulun don kada ya jiƙe. Ko ɗigo bai taɓa bayana ba. Na ɗago na duba: babu kwano, babu katako, sama a buɗe, amma ruwan in ya zo daidai inda rufi yake a dā sai ya rabu biyu ya gangara gefe da gefe, har yana zuba ta indararon da babu shi. Ina ma jin ƙararsa a kan kwanon da ya ƙone. Wani abu ya cika mini zuciya a lokacin, Yaya. Na san ba hannun mutum ne ke riƙe da wannan ruwa ba. Na san kuma, irin sanin da ake yi a mafarki ba tare da an gaya maka ba, cewa muddin ana wannan waƙa babu abin da zai shigo.

Suka iso. Mutanen rafi. Suka tsaya a tagogi da bakin ƙofa, ruwa na dukansu, ba su iya ɗaga ƙafa su tsallako dokin ƙofar ba. Cikin jama'a babu wanda ya waiwaya. Ni na waiwaya, na ƙara wa tulun wuta ina kallonsu ido cikin inda ido ya kamata ya kasance. Na ji daɗin abin, ba zan ɓoye miki ba.

Can sai na ga Tabita a tsakiyarsu. Tana waje, a cikin ruwa, da farar rigar aikinta, babu takalmi. Tana yi mini alama da hannu, bakinta na motsi, ba na jin abin da take cewa. Ban sani ba ko cewa take in fito, ko cewa take in shigo da ita. Su ba su taɓa ta ba, amma kafaɗarta na gogar ta ɗayansu. Na yi kiran sunanta, waƙa ta danne muryata. In na saki tulun in je wurinta, waƙa ta tsaya. In na ci gaba, 'yata na waje. Hannuna bai daina bugu ba, hawaye na zuba a kan soson.

Mama Saratu ta taho ta cikin masarar, ganye bai motsa ba. Ta sunkuyo daidai kunnena, har na ji ƙamshin man kaɗanyar da take shafawa. Ta ce, “Tashi.”

Ke ba ki taɓa buga tulu ba, bari in gaya miki abin da ya sa kalmar ta daki zuciyata. Mai tulu ba ta tashi. Ko duk coci ya miƙe tsaye, ko baƙo mai girma ya shigo, ita a zaune take, don da ta ɗaga jiki ƙasan waƙa ya yanke, mata su watse. Wannan matar ce da kanta ta koya mini haka, har ta taɓa make mini cinya da kacau-kacau ranar wani biki da na miƙe don in ga amarya. Yau ita ce ke cewa in tashi a tsakiyar waƙa.

Na ce, “Mama, in tashi in je ina?”

Ta dube ni kawai.

Na ce, “Wurin yarinyar zan je? Ko tsayawa zan yi?”

Ta sake cewa, “Tashi,” ba da faɗa ba, ba kuma da lallashi ba. Na dafa ƙasa da hannun hagu, na dama na kan bugu, na fara ɗaga jikina. Ban san ko waƙar ta yanke ba. A nan na farka, gari ya fara wayewa, tafin hannuna ya yi ja don dukan katakon gado.

Tun safe nake juya kalmar nan. Ranar da suka shigo garinmu, abin da suke ihu ke nan, ku tashi, ku tashi, ƙasar ba taku ba ce. In wannan tashin Mama Saratu take nufi, wato in haƙura in bar musu wurin, to ta yafe mini, ban karɓa ba, kuma ban yarda bakinta zai faɗi maganarsu ba. Zuciyata ta fi karkata ga cewa miƙewa ake nufi: na daɗe a zaune a ɗakin mutane ina kallon bango, Ubangijin da ya riƙe ruwa a kan cocin da babu rufi ya isa ya riƙe mu ranar Lahadi. Amma kuma matacciya ce ta faɗa, a cikin taron da rabinsa matattu ne, kuma kin san tashin matattu da muke shaidawa duk Lahadi ba a yin sa sai an fara kwanciya. Wannan bai firgita ni ba. Mai Cetonmu da ya fito daga kabari ya riga ya karya lagon abin da suke yi mana barazana da shi, in sun kashe ni sun gaggauta mini ganin Ishaya ne kawai, in tashe shi daga gyangyaɗi.

Da Tabita ta kawo mini kunu na kasa riƙewa, na ba ta labarin duka, ban da inda na gan ta. Ta ce, “Mama, waken da kika ci jiya ne. Tashi daga barci aka ce miki, kin kuma tashi.” Muka yi dariya, karon farko a kwana huɗu. Ta ɗauki jakarta za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta juyo ba. Ta ce, “Na fasa kulle ki. Amma an binne Baba ba na kusa, ba za a sake yi mini haka ba. In kin shiga motar nan, ina ciki. Na riga na nemi hutun ranar.”

Kunun na nan har yanzu, ya yi sanyi. Kaina na shirya bayarwa, Yaya, ban taɓa sa ta a ciki ba. Ban fasa gaskata cewa ikon Allah ya fi nasu ba, ko yanzu a tambaye ni a gaban bindiga haka zan faɗa. Amma a mafarkin ni ce a ƙarƙashin rufin, ita tana waje.

Mota za ta tashi ƙarfe shida na safe jibi. Ki yi addu'a, ki tambayi Baba Fasto in kin ga dama, sannan ki gaya mini gaskiya ba tare da kin tausaya mini ba: wane tashin aka ce in yi?