Guguwar Mozambik a Hanyar Damari

Muna idar da sallar asuba muka bar Ƙanƙara, ni da wani abokina malamin labarin ƙasa. Damari muka nufa, wajen goggona. Ɗanta yana fataucin duwatsu masu daraja a wani garin bakin teku a Mozambik, kuma tun da mahaukaciyar guguwa ta doshi garin wayarsa ta daina shiga. Ta aiko in zo in gaya mata halin da ake ciki baki da baki.

Har 'Yargoje karan masara ne a bushe hagu da dama. A Sheme muka karya da ƙosai da wani koko da ruwa ya fi gasara yawa. Nan rediyon mai shayi ya ce guguwar ta rage ƙarfi. Na yi hamdala.

Abokina kuwa ya nuna mini hotonta daga sama a wayarsa: farin gajimare a naɗe kamar gammo, da rami a tsakiya. Ya ce ramin shi ne idon guguwar, iska ba ta da ƙarfi a ciki. Katangar gajimaren da ta zagaye shi ita ce mai ɓarna. In guguwa ta ƙasaita, wata sabuwar katanga kan taso daga waje ta shaƙe ta ciki har ta ruguje, sai iska ta lafa. In sabuwar ta tsuke, ƙarfin kan dawo, ga faɗi ya ƙaru.

Bayan azahar muka isa, hanyar Sabuwa ta gama jijjiga mu. Ko ruwa Goggo ba ta bari mun sha ba.

"An ce ta lafa. Haka ne?"

"Ta lafa, Goggo, amma ba ta wuce ba," na ce. Abokina ya zana mata da'ira biyu a ƙasa da tsinke.

Ta daɗe tana kallo. "To shi yana ina cikin wanga zane?"

Muka ce ba mu sani ba. Ta miƙe ta ɗora mana tuwo.

Washegari muna hanyar komawa, saƙon muryar ɗan Goggo ya shigo mini ta lambar wani. Rufin shagonsu ya tafi, kaya sun jiƙe, shi kuwa lafiya lau. Na tura wa maƙwabcin Goggo ya kunna mata, sannan na kira. Ta ce ta ji, ta gode Allah, kuma mun manta ƙullin daddawar da ta ba mu.

Da la'asar muka shiga Ƙanƙara. Abin da na ƙaru da shi kaɗan ne: lafawar guguwa ba wucewarta ba ce, kuma Goggo ta fi ni iya jiran labari.